Ku Tambayi Anti: Yawon bakin kanal a Landan, ga ci ga hoto

Assalamu alaikum masu karatu. Tunda na saka hoton jiragen ruwan nan masu fenti ja da kore a fitowar da ta wuce mutane suka hanani sakat, Anti ina ne nan, Italiya ce? Ba Italiya bace, Landan ce, bayan gidajen mutane ma kuwa. Shiyasa wannan karon na ware saƙonni huɗu da duk wuri ɗaya suka dosa.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ni ɗaliba ce a Coventry, ni da ƙawayena biyu muna so mu shigo Landan ran wata Asabar mu yini. Gaskiya mun gaji da hoton Big Ben da ƙofar fadar sarki, duk wanda yazo shi yake ɗauka har ba mai tanka maka a status. Mu dai muna son ci muna son hoto kuma aljihun ɗalibi kin san shi. Ance akwai wani kanal da ake bi a ƙafa, dan Allah ya abun yake kuma daga ina ake farawa?

AMSA: Ƙanwata sannunku da karatu, Allah ya bada sa'a. Sunan wajen Regent's Canal, hanyar ruwa ce da mutane suka haƙa da hannu ba kogin Allah ba, an gama ta a 1820, ta taso daga unguwar da ake cewa Little Venice kusa da Paddington ta zagaya ta arewacin gari ta faɗa kogin Thames a Limehouse, tsawonta kusan kilomita 14. Kafin jirgin ƙasa da manyan motoci su ƙwace harkar, ta nan ake shigo da gawayin kwal da katako da hatsi, doki ne yake jan jirgin da igiya yana tafiya a gefen ruwa, to wannan hanyar dokin ita ce yanzu mutane suke bi. Ba a biyan ko sisi.

Abu na farko, kar ku ce sai kun ƙure ta. Na taɓa yin wannan gangancin da sabon takalmi, na isa Limehouse ina ɗingishi, hotunan ƙarshe duk a karkace dan a lokacin ba hoto ne a gabana ba. Ku ɗauki Little Venice zuwa King's Cross kawai, wajen kilomita 6 ne, mai sauri zai yi shi cikin awa ɗaya da rabi amma ku ku bashi awa huɗu ko biyar, ai ba biyo ku aka yi ba.

Ku sauka a tashar Warwick Avenue a layin Bakerloo na jirgin ƙarƙashin ƙasa, minti kaɗan ne zuwa bakin ruwa. Ni shawarata kar ku karya da nauyi, shayi da ɗan abu ya isa, in kuma yunwa ta matsa Edgware Road na nan kusa, titin Larabawa ne, shawarma da falafel da gurasar nan tasu mai za'atar, halal ba sai kin ta tambaya ba. Ku sayi ɗaya ku raba uku. Dokar yawon nan kenan, komai ɗaya a raba, dan in kowa ta cinye faranti guda a tashar farko to an gama, sauran tafiyar hamma ce.

Kuna barin Little Venice kaɗan ruwan zai shige wani rami a ƙarƙashin tudu a Maida Hill, ba hanyar ƙafa a ciki, sai ku hau titi ku bi ta sama ku sake sauka a ɗaya gefen, kar ku zata ɓata kuka yi. Da can ma haka doki yake yi, a kwance shi a zagaya da shi ta sama, su kuma ma'aikatan jirgin su kwanta rigingine suna tura bangon ramin da ƙafafu har su fita. Duk lokacin da na tsaya a bakin ramin nan sai na tuna wannan, mutum a kwance cikin duhu yana tura tan-tan na kwal da tafin ƙafa dan wani ya ji ɗumi a gidansa.

Daga nan sai gefen Regent's Park, kuma anan ne babban masallacin Landan yake, mai ƙubba ruwan zinare, wanda aka gama a 1977, hawa ɗaya ne daga bakin ruwa. Ku tsara tafiyarku yadda azahar zata same ku a nan, ga wurin alwala ga banɗaki ga ɓangaren mata, dan ku sani a hanyar gefen ruwan nan ba banɗaki ko ɗaya, wanda ya cika cikinsa da shayi shi ya sani.

Gaba kaɗan akwai gadar da nafi so a duk tafiyar, Macclesfield Bridge, kuma yawanci mutane wucewa suke basu ko kalle ta ba. Ran 2 ga Oktoba 1874 da asuba wani jirgi mai suna Tilbury ɗauke da sukari da man fetur da albarushi wajen tan biyar ya fashe a ƙarƙashinta, ma'aikatan cikinsa suka mutu, gadar ta ruguje. Da aka tashi sake ginawa sai aka ɗauko ginshiƙan ƙarfen nan na da aka mayar, amma aka juya su. Ki matsa kusa ki shafa, zaki ji wasu zurfafan zane a jikin ƙarfen, igiyar jan jirgi ce ta ci shi shekara da shekaru, kuma saboda juyawar da aka yi zanen yana gefe biyu, har da gefen da igiya bata isa ta taɓa ba yanzu. Ki sa ƙawarki ta ɗora yatsunta a cikin zanen, in da lalle a hannun ma yafi, ki ɗauka daga kusa. Wallahi wannan hoton ya fi selfi ɗari a gaban Big Ben.

Sai ku ratsa ta tsakiyar gidan zu, kyauta zaku ga ƙaton kejin nan na waya da ada na tsuntsaye ne yanzu birai ne a ciki, sai wani jan gidan abincin 'yan Sin da yake kan ruwa a kwana, kowa na ɗaukarsa ku ma ku ɗauka ku wuce.

Camden ita ce cibiyar ci. Kasuwar ta fara a 1974 a bakin ƙofofin ruwa, yanzu rumfunan abinci ne birjik na ƙasashe kala-kala, hayaƙi da ƙamshi da kiɗa da mutane kamar Kantin Kwari ana jibi salla, musamman Asabar ɗin da kuka zaɓa. Ku fara zagayawa sau ɗaya ba tare da kun sayi komai ba, masu rumfa da yawa zasu miƙo muku ɗanɗano a tsinke, sannan ku yanke shawara. Ku ƙiyasta fam goma zuwa sama a kwano ɗaya, kuma ku riƙe kati dan da yawa basa karɓar tsabar kuɗi. Jaka a gaba, waya a hannu gam.

Kar ku ci a cikin turmutsutsun, ku fito bakin ƙofofin ruwan ku zauna. Abinda ke faruwa a nan shine ƙasar ba a shafe take ba, Camden ta fi Limehouse tudu, ruwa kuma baya hawa tudu, sai aka yi wasu ɗakunan ruwa masu manyan ƙofofin katako gaba da baya, jirgi ya shiga a rufe, a saki ruwan a hankali har ya sauka daidai da na gaba sannan a buɗe ya wuce, kamar matakala dai. Yana ɗaukar minti goma ko fi, kuma mai buɗe ƙofar da bayansa yake tura dogon katakon yana taka ƙasa. Kuna ci kuna kallo kuna ɗauka.

Daga Camden zuwa King's Cross rabin awa ne. Can zaku tarar da filin Granary Square, a jikin wani tsohon rumbun alkama na 1852 da yanzu makarantar zane-zane ce a ciki, gabansa ruwa na tsartuwa daga ƙasa yara na ta tsalle, ga matakala har bakin kanal inda ake zama. Gefe kuma Coal Drops Yard, inda ake sauke kwal a da, aka maida shi shaguna a 2018, tsada kam ba a magana, ku shiga da ido kawai. Akwai jirgin da aka maida kantin littattafai, Word on the Water, shima yana hoto. Ni anan nake rufewa da ayis kirim ko da sanyi ake, kuma da dalili, bayan tashar jirgin ƙasa ta King's Cross akwai gidan tarihin kanal wanda asalinsa ma'ajiyar ƙanƙara ce ta wani ɗan kasuwa Carlo Gatti, tun ba firji, daga Norway ake kawo ƙanƙarar a jirgin ruwa a biyo da ita ta kanal ɗin nan a zuba a rijiyoyi biyu da har yau suna nan ana leƙawa, kuma yana cikin waɗanda suka sa ayis kirim ya zama abin da talakan Landan zai iya saya. Banɗakin tashar King's Cross kyauta ne, daga nan kuma Euston inda zaku hau jirgin Coventry tafiyar ƙafa ce.

TAMBAYA: Hajiya ina wuni. Zan kawo mahaifiyata ganin likita a watan Disamba, muna da kwana biyu da ba komai, ina so in fita da ita ta sha iska amma tana fama da gwiwa, kuma ita akan abinci tana da tsantseni sosai. Wajen nan zai yiwu?

AMSA: Alhaji lafiya lau, Allah ya ba Hajiya lafiya ya saka maka da alheri. Zai yiwu amma ba a ƙafa ba. Akwai jiragen haya da suke ɗaukar fasinja tsakanin Little Venice da Camden, wajen minti 45, a zaune a rufe, har ta cikin ramin Maida Hill suke bi wanda mu 'yan ƙafa bama gani. Sai dai lokacin sanyi suna rage zirga-zirga, ka duba ranakunsu a intanet kafin ku fito kar ka fito da tsohuwa ku tarar da wayam.

Disamba kuma ka sani rana kafin ƙarfe 4 ta faɗi, azahar da la'asar da magariba duk a matse suke kamar an ɗaure su da igiya ɗaya, wurare da yawa a gefen ruwan ba fitila, ƙasa ga santsi. Ku fito da hantsi, ƙarfe 2 ku kama hanyar gida. Safa biyu, safar hannu, da shayi a fulas.

Maganar abinci, rumfuna da yawa a Camden suna manna takardar halal, amma ni bana tsayawa a takarda, ina tambaya naman ne duka halal ko kazar ce kawai, sannan a kan ƙarfe ɗaya ake gasawa da na alade ko a'a. Ba sa jin haushi, sun saba. Kifi ma da muke gudu wajensa, wasu da giya suke kwaɓa fulawar da ake tsoma shi kafin a soya, sai ka tambaya. In kaga hankalin Hajiya bai kwanta ba kar ka ja da ita, ku yi Edgware Road a zauna a ci shinkafa da gasasshen rago cikin kwanciyar hankali. In kuma abincin gida take marmari, kasuwar Ridley Road a Dalston akwai doya da kuɓewa da manja da attaruhu da busasshen kifi da mahauta musulmi, a saya a dafa mata a masauki, nasan iyayenmu, ƙarshenta dai nan za a dawo.

TAMBAYA: Anti ni na riga naje wajen nan sau biyu amma hotunana basa fita kamar naki, ruwan sai ya fito fari fat ko kuma fuska ta yi baƙi. Waya ce dani ba kamara ba. Sannan rannan ina ɗaukar wani jirgi wata baturiya ta leƙo ta taga ta balbale ni da faɗa, ni kuma naga ai waje ne na kowa, laifi nayi?

AMSA: Ɗana bari in fara da na biyun. Eh ka ɗan yi, ba na doka ba, na ladabi. Jiragen nan sirara da kake gani, faɗinsu bai fi mita biyu da ɗan ɗoriya ba, gidajen mutane ne, a ciki suke kwana suke girki, wasu ma tsadar haya ce ta koro su kan ruwa. Wanda bashi da matsaya ta dindindin dokar hukumar da ke kula da kanal, Canal and River Trust, ta ce kar ya wuce kwana 14 a wuri ɗaya, haka zai ta matsawa. To ka ɗauka kai ne kana zaune a tsakar gida da singileti wani ya ɗaga labulen zaure ya saita maka waya. Tagar jirgin daidai gwiwarka take, in ka tsaya kusa ka nuna waya cikin ɗakinta kake ɗauka ko baka nufa ba. Ɗauki jirgi daga nesa, ɗauki tukwanen fulawa da keke da itacen da suke jerawa a rufi, ɗauki hayaƙin murhu yana fita da safe, amma banda taga, banda taka jirgin mutum dan ka yi fos. In mai shi na waje ka gaishe shi ka yaba fentin ka nemi izini, ni goma na tambaya da wuya ɗaya ya hana, wani ma har labarin jirgin zai baka. Yaran mutane kuwa kar ka soma.

Hoto kuma matsalarka ba waya bace, nima rabin nawa da waya ne. Lokaci ne da inda ka juya. Kanal ɗin daga yamma ya nufi gabas, in ka taso daga Little Venice da sassafe rana na fuskarka, duk abinda ka ɗauka gabanka zai fito baƙi ruwan kuma ya ƙone. In ka taso bayan azahar rana na bayanka, fentin jirage ya fito raɗau. In dole da safe zaka fita to ka faro daga King's Cross ka yi yamma, shikenan. Kuma kar ka raina ranar da gari ya lumshe, wanda a Landan kusan kullum ne, hasken nan mai laushi shi yafi dacewa da fatarmu, ba ƙyalli a goshi ba inuwa a ƙarƙashin ido.

In zaka ɗauki mutum a bakin ruwa, taɓa fuskarsa a allon wayar dan ta auna haske da fuskar ba da ruwan ba, in kuma ruwan kake so ja hasken ƙasa kaɗan. Goge gilashin kamarar da gefen riga, musamman bayan ka ci abu mai maiƙo, rabin hotunan da suke fitowa da hazo man shawarma ne ba komai ba. Kar ka ja zum da yatsa, taka ka matsa. Sannan durƙusa, mutane duk a tsaye suke ɗauka shiyasa hotunansu iri ɗaya, in ka kai wayar kusa da ruwa inuwar gada zata haɗu da gadar ta zama zobe, amma sai ruwan ya kwanta, in jirgi ya wuce ka jira minti biyu ya lafa. Ka riƙe ta da kyau dai, kanal ya ci wayoyi ba adadi.

Abinci kuma ɗauke shi daga ƙarƙashin fitilar rumfa, tana maida komai ruwan ɗorawa, kawo shi hasken waje, kashe filashi, riƙe kwanon a hannu ruwa na baya. Kuma kayi sauri. Rannan a Camden na ɗora kwanon cips a kan katakon ƙofar ruwa ina ta gyara tsayuwa ina neman kwana mai kyau, na ja baya taku biyu kenan wani farin tsuntsun teku ya sauko kamar shirwa ya kifar da kwanon, tantabaru suka gama da sauran, wani yaro na gefe yana ta dariya. Hoton da na samu na fiffike ne da rabin kwano. Mafi kyawun hoton abinci ma a wurina ba na kwano bane, hannun mai yi ne, lokacin da yake juya gurasa ko yake yanka nama tururi na tashi, ka saya tukuna sannan ka ce zan iya ɗauka, ba wanda zai hana mai ciniki.

Abu biyu ka kula. Masu keke, hanyar ƙunci gareta musamman ƙarƙashin gada, ƙa'ida mai ƙafa ne gaba amma wasu kamar 'yan acaɓa suke, in kaji ƙararrawa matsa ta gefen bango ba ta gefen ruwa ba, kuma kar ka ja da baya kana kallon allo. Na biyu lokacin zafi wani ɗan ganye yana rufe ruwan ruf kamar kainuwa a kududdufi, kore shar kamar ciyawa, karnuka har faɗawa suke. Yana kyau a hoto, agwagwa ta ratsa ta bar layi a bayanta, amma ba ƙasa bace.

TAMBAYA: Anti mu da bamu da bizar Ingila fa? Ni ɗan Kura ne, kanal ai a bayan gidanmu yake.

AMSA: Kai ɗan nan ka bani dariya, kuma gaskiyarka. Naku da ya taso daga dam ɗin Tiga ma aiki yake har gobe, shinkafa da tumatir da albasa yake shayarwa, na Landan kuwa tun wajen shekarun 1960 jigilar kaya ta mutu a kansa ya koma wurin shan iska. Duk abinda na faɗa wa na sama ya shafe ka, fita da sanyin safiya ko bayan la'asar, rana a bayanka, durƙusa, gaida manomi kafin ka saita masa waya, matan aure kuma a bar su. Lokacin hunturu da hazo ya sauka a kan fadamar nan akwai hoton da duk Camden ba za a samu ba. Ci kuwa ga rake ga gurasa da ƙuli ga dafaffiyar masara, ba mai ce maka sai da kati. Wanka a ciki ne dai ban baka shawara ba saboda tsargiya. In kakar tumatir ta zo ka leƙa Kwanar Gafan da safe lokacin da ake jera kwanduna ana lodi, ka turo min hoton zan saka a shafin nan, in da hali ka haɗo da kwando ɗaya dan nan guda shida a roba suke sayar mana.